Hamayu Ba Ta Barin Mutum

Innoshima,
watan Afrilu.

Zuwa ga angona Shunpei,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kana lafiya, kana kuma cin abinci mai zafi, ba taliyar kofin nan da ta mayar da kai kamar sandar tsintsiya ba. Yaya Nagoya, yaya aiki? Ni lafiya lau, in ban da gwiwa. Kakanka Iwao yana ci, yana barci.

Na ga saƙonka. Wai babanka Noboru ya sa ka rubuta tallan sayar da Hamayu, jirgin ruwanmu mai tafiya da iska, a intanet, kana so in ba ka tarihinta. Kai da ko a bakin gadar ɗaure jirage ka tsaya ka kalli ruwa sai ka yi amai! To, buɗe kunne.

Tsoho Kuramoto ne ya sassaƙa ta da katakon sugi. Shi mai ƙera jiragen masunta ne, sai da ya tsufa ya fara yin na tsere, waɗanda mutum zai yi gudu da su kuma ya kwana a ciki. Tara kawai ya yi. Guguwa ta cinye wasu, ruɓa ta cinye wasu. Yanzu saura biyu, ɗayar kuma an ce tana kan tudu a Kagoshima ana sayar da kofi a cikinta. Lokacin kakanka yana walda a ma'aikatar jirage, ya sayi Hamayu tun ba a gama ta ba, ni kuma ina da cikin babanka. Wata guda ban yi masa magana ba.

Siririya ce, mai nauyin darma a ƙasa. In iska ba ta da ƙarfi, raguwa ce kamar babanka ranar Lahadi. Amma bari iska ta taso: sai ta kwanta kan kafaɗa ɗaya, ta yanka igiyar ruwa ba tare da ta buga ƙirji ba, ta wuce jiragen attajiran Kobe suna kallon bayanta. Sau biyu muka ci tseren zagaya tsibiri. Na ce "muka" domin ina ciki, ina dafa shinkafa a tukunyar da aka ɗaure da waya.

Aibinta ɗaya, kullum tana jan hancinta wajen iska. Sandar tuƙinta sai ta gajiyar maka da hannu. Abokan tsere suka ce a gyara. Kuramoto ya ce, "Ku gyara uwarku. Da gangan na yi." Ashe ƙanensa ya taɓa faɗawa ruwa shi kaɗai, jirginsa ya ci gaba da tafiya ya bar shi. Don haka Hamayu, da ka saki sanda, sai ta juya ta fuskanci iska, zannuwanta na tarar iska su yi ta kaɗawa, ta tsaya cak tana jiranka. Kakanka ya taɓa zamewa ya faɗa, ta jira shi. Ni ce ban jira ba, na yi ta dariya har ya hau yana zagina. Tun daga ranar bai taɓa ɗaure sandar nan da igiya ba, ko fitsari zai yi sai ya sake ta ta tsaya.

Akwai wani abu, amma kada ka sa a talla. Ranar da aka tura ta ruwa, Kuramoto ya yanki gashina ya sa a ɗan akwati, ya toshe shi a gindin jigon da ke riƙe zannuwan, yadda masunta suke yi, wai gashin mace shi ke jawo mijinta gida. Ka ga kuwa ya yi aiki, don kullum sai ya dawo ya dame ni.

Yanzu ga gaskiya, angona. Na ba ka tarihi ne don ka tambaya, ba don na yarda ba. Babanka so yake a sayar da ita, a kai kakanka gidan tsofaffi na Onomichi. A gida wasu ranakun bai san ni ba. "Baiwar Allah" yake ce mini, da ladabi, ya tambaye ni yaushe Fusae za ta dawo daga kasuwa. Nakan ce masa ai ka san ta da surutu. Amma in na kama hannunsa muka sauka gada, ya taka Hamayu, sai ya waiwayo ya ce, "Fusae, kin sake barin guga a hanya." A can ne kaɗai nake da miji. Ba zan bari a raba ni da su ba.

Ka gaida yarinyar da kake ɓoye mini.

Kakarka,
Fusae

Innoshima,
watan Yuli.

Shunpei nawa,

Bayan gaisuwa, ina fata damina ba ta jiƙa maka ƙwaƙwalwa ba. Ka yi haƙuri da rubutun nan kamar tsutsa ta bi ta tawada. Da hagu nake yi.

Tallanka ya yi kyau, har ya jawo mana wani likitan haƙori daga Kobe, da farin takalmi. Ya zaga Hamayu yana ƙwanƙwasa katako, ya ce zai cire sandar tuƙi ya sa sitiyari. Kakanka yana zaune, ya dube shi ya ce, "Malam, haƙoran mutane ba su ishe ka cirewa ba?" Mutumin bai ƙara minti biyar ba. Na yi dariya har sai da na zauna.

Dariyar ba ta daɗe ba. Bayan sati biyu, da rana tsaka, ina ninke kayana a ɗaki, kakanka ya shigo ya tsaya a kaina. Ya ce, "Ke wace ce? Ajiye kayan matata." Na ce, "Haba tsoho, matar taka ma ba ta iya ninki kamar ni ba." Da can wasa yakan dawo da shi. Wannan karon bai dawo ba. Ya fizge rigar, ya ture ni, na faɗa kan matakala. Hannun dama ya karye wajen wuyan hannu. Shi kuma ya rungume rigata yana kuka, yana kiran sunana wajen ƙofa, wai in zo ɓarauniya ta shigo.

A asibiti na ce santsi ne ya kwashe ni. Babanka ya zo, ya kalli filastar, ya kalle ni. Ya ce, "Mama, gobe wuyanki zai karya." Na ce, "Wuyana ne ko naka?" Ya ce, "Ni zan binne ki ai."  Kada ka ji haushinsa. Na ga sau biyu yana ajiye biro kafin ya sa hannu a takardun Onomichi. Sun ce a kawo kakanka Litinin ɗin bayan Obon, bikin tunawa da magabata.

Ya kuma ɗauke mukullin injin Hamayu ya sa a aljihu, wai kada Baba ya fita. Ɗan nan nawa! Yaushe ubansa ya taɓa buƙatar inji? Mutumin da yake fita da ita daga tasha da iskar da ba ta isa kashe ashana ba. Ban gaya masa ba. Na bar shi da mukullinsa yana jin ya tsare gari.

Har yanzu ban haƙura ba. Kafin Obon akwai sauran kwanaki, ni kuma bakina bai karye ba.

Taka,
Fusae

Innoshima,
Asabar, bayan Obon.

Angona,

Ina gaisuwa. Na ji ba a ba ka hutu ba. Ba komai, na cinye rabonka na inabi.

Na sha kaye, Shunpei. Jakar kakanka tana bakin ƙofa, na rubuta sunansa a kowace singileti kamar ɗan makaranta. Amma bari in ba ka labarin yau, don yau na yi miji tun safe har yamma.

Mun sauka gada da hantsi. Ya hau Hamayu, ya shafa jigo, ya zauna inda ya saba. Idonsa garau, irin na da. Ya daɗe yana kallon hannuna. Ya ce, "Fusae, me ya sami hannunki?" Na ce dabbar tekun nan mai hannu takwas ce muka yi kokawa, ita ma tana can an yi mata ɗori a hannu uku. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Tun muna saurayi da budurwa, in za ki yi ƙarya sai kin taɓa kunne." Sai na ji yatsuna a kunnena.

Ya ce, "Ni ne?" Na ce matakala ce. Ya ce, "Jakar da ke bakin ƙofa fa?" Na gaya masa. Na ce wuri ne mai kyau, ana ganin teku ta taga. Ya ce, "Ta taga." Shi ke nan abin da ya ce.

Daga nan kuma sai ya ware, kamar ba shi ba. Ya tuna mini tukunyar da ta kife a tseren farko, ya ce shinkafar da na kwashe daga ƙasa na ba attajiran Kobe, suka ce ba su taɓa cin mai daɗinta ba. Ya ce in je gida in dafa masa kifin tai, shi zai ɗan duba gindin jigo, yana jin ruwa na shiga. Na bar shi a hannun Genzo mai kamun kifi, da yake gyaran raga kusa. Ya dawo gida da ƙafarsa, bai ɓata ba. Ya ci, ya ƙara. Ya wanke mini kwanuka saboda hannuna. Da zai kwanta ya ce, "Sannu da ƙoƙari, tsohuwa." Na ce tsohuwa tana gidanku.

Wataƙila in babanka ya gan shi haka gobe, ya ɗaga mana ƙafa. Ka taya ni roƙonsa.

Kakarka,
Fusae

Innoshima,
watan Satumba.

Shunpei,

Ina gaishe ka. Na gode da zuwan da ka yi, da kwanakin da ka yi a jirgin Genzo kuna neman kakanka, kana amai kana ƙin sauka. Na gani. Ina fata ka koma lafiya.

Akwai abin da ban faɗa ba a gaban babanka, kai zan gaya wa.

Ka san abin da kowa ya sani. Ranar Lahadi da sassafe na fita zubar da shara, na tsaya gaisawa da maƙwabta, na dawo ba ya nan. Da yamma masu jirgin fito suka ga Hamayu can wajen Shikoku, zannuwanta cike da iska, tana tafiya miƙe ba kowa a ciki. Jami'an tsaron teku suka ce tsoho ne ya rikice ya fita, ya ɗaure sanda don ya je gaba ya gyara wani abu, ya zame. Wai haka yake faruwa kullum. Babanka ya karɓi wannan, yana ta cewa da ya sani da ya kwance zannuwan ya kulle. Ka bar shi a haka. Shi abin da zai iya ɗauka ke nan.

Amma da aka jawo ta, na hau na duba. Sandar a ɗaure take tamau, gefe da gefe, ɗaurin mai hankali, har ya naɗe ragowar igiyar ya ajiye tsaf. Ka tuna abin da na rubuta maka. Rikitaccen Iwao hannunsa ba zai yi abin da bai taɓa yi ba. Ya san in ya sake ta za ta tsaya ta jira shi, ya kuma san in ya gan ta tsaye zai iya komowa.

Duk da haka na yi ta ce wa kaina wataƙila jami'an ne da gaskiya. Har shekaranjiya, da shinkafar tulu ta yi ƙasa, na zura hannu na ji wani abu mai tauri. Ɗan akwatin Kuramoto ne. Ashe ba ruwa ne ke shiga gindin jigo ba. Ranar Asabar ɗin ya ciro shi, ya kawo gida a aljihu, ya ci kifina da shi a jikinsa, ya binne shi inda ya san ba mai sa hannu sai ni, kuma ba da wuri ba.

Na zage shi, angona. Na zauna a ƙasan kicin na zage shi da duk zagin da na koya a bakin gada. Wa ya roƙe shi? Hannu ne, ya warke. Da ya bar ni na riƙa zuwa Onomichi ina zama "baiwar Allah", da na fi so. Amma ka ga, ya tafi ya san ko ni wace ce. Ya san gashin wa ke ciki, ya san kuma in gashin yana cikin jirgin ba zai bar shi ya tafi ba. Ban san ko in gode masa ko in ƙara zaginsa ba, don haka ina yin duka biyun, safe da yamma.

Hamayu kuwa, ku sayar, amma ba wa mai farin takalmi ba. Ka ƙara a tallan cewa ba a cire sandar. Ka rubuta cewa ba ta taɓa barin kowa a ruwa da son ranta ba.

Na buɗe akwatin. Gashin baƙi wuluk, ko fari ɗaya babu, mai kauri kamar igiya. In ka zo Sabuwar Shekara zan nuna maka, ka ga irin matar da ka yi latti ba ka samu ba. Na ajiye shi a taga mai kallon ruwa. Ba su sami kakanka ba har yau, kuma gashin nan bai taɓa kasa jawo shi gida ba.

Kakarka,
Fusae