An Ce Ni Na Zo Da Abin Da Karen Yake Wa Haushi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Abin da na fara gani ranar da na iso gidan Kawuna a Azizya shi ne ƙasan ƙofar ɗakin da aka ba ni duk a kakkarce, ga wani farin gashi a jikin kafet. Ban tambaya ba, ni ba mai yawan magana ba ce. Daga Kano aka kawo ni in yi sakandare a nan Madina, Kawu kuma yana aiki a kantin magani, ba ya wuni a gida.

Da yamma na ga mai ɗakin. 'Yar Kawu, Nuha, tana da wani ɗan farin kare da bai fi kyanwa ba, wai shi Lulu. Kare a cikin gida, a Madina, har da turarensa daban. Saboda zuwana aka fitar da shi daga ɗakin zuwa baranda aka ɗaure, tun ranar bai daina haushi ba.

Matar Kawu, Anti Rabi, ta yi nata binciken a zaune a kan kujera. Ta ce kare yana ganin abin da mutum ba ya gani, kuma tunda sai da na zo ya fara, to akwai abin da ya biyo ni daga Najeriya. Ta turare ɗakina da habbatussauda har kayan makarantata suka ɗauki ƙauri, ta kawo wata mata ta tofa mini addu'a a ka. Matar da ke ajiye kare a falo ita ce yau take tsoron abin da zai kori mala'iku daga gidanta.

Ni kuwa na zuba ido. Barandar nan injin AC ne ke hura masa iska mai zafi, da injin ya tashi sai ya fara haushi. Mai sayar da gas ya ƙwanƙwasa tukunya a titi, ya fara. Ya hango ni ta taga a inda ya saba kwanciya, ya fara. Kuma da ya yi haushi Nuha za ta jefa masa tsokar kaza tana "uskut ya habibi", wato yi shiru masoyina, in ya yi shiru babu mai kallonsa. To wane kare ne zai yi shiru? Ranar da suka tafi Harami na kwance shi, ya shige bayan ƙofar ɗakin ya yi barci har suka kusa dawowa, ko tari bai yi ba.

Na gaya wa Nuha, ta dube ni ta ce da Larabci wai yaushe 'yar ƙauye ta san kare. Na gaya wa Anti, ta ce ai abin da ke jikina ne ya kwantar da shi, wannan ma hujja ce.

Yanzu mai gadin gini ya ce maƙwabta sun kai ƙara wurin mai ginin. Na ji Anti tana ce wa Kawu Nuha ba za ta iya rabuwa da Lulu ba, gara a mayar da ni Kano in an yi hutu. An ɗora ni a sikeli da kare, kare ya rinjaye ni. Ina son karatuna, kuma mahaifiyata ba ta san komai ba. In gaya mata ne, ko in yi shiru? Masu sanin halin ƙananan karnuka, abin da na lura da shi daidai ne?

Yau da safe dai na tsare Kawu a bakin ƙofa yana sa takalmi, na ce, "Kawu, don Allah kafin a saya mini tikiti, a mayar wa Lulu ɗakinsa a gani. Ni a ba ni tabarma a falo."