Allurar Mita

Litinin, 4 ga Yuni

Motar ta sake fizga a hanyar asibiti. Saura kaɗan na bugi bayan wata bas. Ban ji tsoro ba, ban ji komai ba. Na karɓi maganina na dawo.

Laraba, 6 ga Yuni

'Yata Auta ta yi waya, wani ya kai mata labari. Wai ƙafata ce ke rawa a kan totur, in ba ta makulli kafin in kashe ɗan mutane. Na ce laifin mota ne. Muka tsaya a kan a kai wa mai wayarin, abin da ya ce shi ke nan. In ba motar nan, daga ɗaki sai tsakar gida.

Asabar, 9 ga Yuni

Gareji. Mai wayarin ya ba ni benci a inuwa, yana tsokanata wai da ni da motar ba a san wanda ya girmi wani ba. Ya ce akwai wata 'yar na'ura a jikin totur, sensa, ita ke gaya wa inji iya takun da aka yi. In cikinta ya cinye, mota sai ta riƙa fizga. Na ji daɗin wannan bayani.

Ya jona mitarsa mai allura, ya ɗora ta inda zan gani, ya ce in taka a hankali ba tare da na tayar da inji ba. Na taka. Allura ta yi ta tsalle. Na ce masa ka gani ko.

Ya ce in ɗaga ƙafa, ya murɗa totur ɗin da hannunsa daga jikin inji. Allura ta hau sumul har ƙarshe, ta sauko sumul. Sau uku. Ya ƙwanƙwasa sensar, ya jijjiga wayoyinta, ba ta ko motsa ba.

Ya daɗe yana goge hannu.

"Baba, ko in canza ta kawai? In Hajiya 'yarka ta tambaya, sai in ce ita ce."

Shekara talatin na yi ina koya wa ɗalibai karanta mita. Na ce ya rufe bonet.

Lahadi, 10 ga Yuni

Ban fita ba. Na zauna bakin gado ina kallon ƙafar dama. Abinta take yi.

Talata, 12 ga Yuni

Auta ta kira sau biyu. Na bar wayar ta yi ta ƙara.

Alhamis, 21 ga Yuni

Ranar asibiti. Ni na kira Auta ta kai ni, don kawai hanyarta ce. Ba ta tambayi me mai wayarin ya ce ba, ni ma ban faɗa ba. Tuƙinta da gaggawa, ba ta ba da sigina a kan lokaci, na gaya mata. Wai a hanyar dawowa na yi barci har da minshari. Ban yarda ba. Za ta sake zuwa ranar biyar ga watan gobe, ƙarfe takwas.