Birkin da Ya Harbi Baffa Sale

Zuwa ga mahaifina, Malam Idi Direba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifi, Baba, ina da labarin da ya ƙi zama a cikina, kuma kai ne za ka fi kowa jin daɗinsa.

Ka san ƙaninka Baffa Sale ne ya gaji bas ɗinka. Abin da ba ka sani ba, tun ranar da 'yan bindiga suka tare shi a hanyar Ruma, ya tsira da ransa amma bai ƙara zama kujerar direba ba. Shekara uku ke nan. Da ya ɗora ƙafa kan birki sai ta kama rawa. Motar tana ƙarƙashin dalbejiya a Batsari, kaji na ƙwai a cikinta, shi kuma yana zaune kamar mai takaba. Abin na ci mini rai.

Ni kuwa ina nan Safana ina koyarwa, kuma ban bar wasan tseren motar nan na kwamfuta ba, wanda kake kira tuƙin marar fasinja. Birkinsa ne ke ba ni haushi, ka taka kamar ka taka soso. Sai na ce bari in haɗa nawa, mai turo ƙafa irin na motar gaske.

Na ciro injin waifa mai share gilashi daga wata matacciyar mota, mai walda ya haɗa mini ƙarafa, na sa ɗan allon lantarki da ke karɓar saƙo daga wasan. In taya ta zame, injin ya girgiza matakin birkin. Matakin kuwa naka ne, tsohon nan da ka canza ka jefa a zaure, wanda ƙafarka ta goge har yana sheƙi. Inji biyu na ƙona kafin na uku ya yarda. Inna ta ce gado ne, kai ma ba ka taɓa barin ƙarfe ya huta ba.

Ga inda na yi wauta. Da takalmin makaranta nake gwaji, ba na jin komai, sai in ƙara wa injin ƙarfi. Na manta maganarka: “Takalmi kurma ne, ƙafa ke jin mota.”

Ran Juma'a Baffa ya zo gaida Inna, ya hango matakin, ya gane shi nan take. Na yi ta tsokanarsa har ya zauna. Baba, sai ya tuɓe takalmansa ya jera su gefe, daidai yadda kake yi, ya yi bismillah. A kwanar farko ta wasan ya taka birki, abin nan ya harbo shi har hularsa ta faɗi.

Na ce shi ke nan, na tono masa tsoron da nake son binnewa.

Sai ya fashe da dariyar da muka shekara uku ba mu ji ba. “Wannan ba birki ba ne, jaki ne! Da takalmi ka gwada shi ko? Ɗan Yaya guda!”

Ya sa na yi ta ragewa, yana lalube da tafin ƙafa, har ya ce, “Tsaya nan. Haka motar Yaya ke yi a gangara.” Ya yi tuƙi har la'asar. Ya kife mota ya fi sau goma, ba wanda ya ji ko ƙwarzane, ƙafar kuma ba ta yi rawa ba.

Jiya da hantsi na ji ham ɗin mota a ƙofar gida, gajere biyu, dogo ɗaya, irin naka. Ashe Baffa ne ya kori kajin, bakanike ya tayar da bas ɗin, ya tuƙo tun daga Batsari. Inna ta shiga gaba tana share hawaye tana faɗan ƙurar kujera. Na leƙa ƙasa, ga takalmansa nan a jere.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka makwancinka, Ya tsare Baffa a kowace hanya, Ya dawo wa ƙasarmu da zaman lafiya. Amin.

Ɗanka da ya koyi cire takalmi,
Nura