Kalar da Ta Koma Ladan Aiki

Zuwa ga Alhazai masu gonakin shinkafa a fadamar Wurno,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aikin girbi, Allah ya ƙara auki.

Ni mutuniyar Lahodu ce. Tun ina goyon fari nake yi muku shiƙa, kuma da ƙwaryar shiƙar nan nake ci da jikokina marayu.

Na farko, ina tuna muku abin da muka tarar. Shiƙa da ladanta, ana auna mana shinkafa da yamma. Kala kuwa, wato tsintar abin da ya zube bayan an kwashe buhuna, ta mabukaci ce, kyauta. Iyayenku ba su taɓa sa ta a lissafi ba.

Na biyu, bara 'yan bindiga suka tashi wani ƙauye a ƙasar Rabah. Wata baiwar Allah, Hajo, ta iso ƙofata da goyo, ko takalmi babu. Na ba ta ɗaki, ni na kai ta gonarku. Bana sai wakilinku ya sallame mu 'yan gari, ya ɗebi 'yan gudun hijira zalla. Su wuni suna shiƙa, ladansu a bar su su yi kala. Har a masallaci ana yaba muku wannan taimako. Taimakon mi, Alhazai? Abin da tsuntsu ke ci bai nemi izini ba?

Na uku, ban ga laifin Hajo ba, yunwa ba ta ciniki. Takan dawo da abin da ta tsinto, rabinsa tsakuwa, ta raba biyu ta miƙo mini kashi ɗaya, kanta a ƙasa. Wallahi kunya ke kashe mu duka.

Ran Laraba na ari hijabinta, na shiga layin 'yan gudun hijira masu neman shiƙa, na ce ni ma daga Rabah nake. Wakilinku ya gane muryata. Ya kore ni gaban mutane, wai ina da gida, kada in ci haƙƙin mabukata.

Roƙona, ku mayar da awon yamma ga duk wadda ta yi shiƙa, baƙuwa ko 'yar gari. Na san da wuya, tunda kullum sababbi na isowa. In ba za ku iya ba, ku ce wa wakilinku gobe ya yi kamar bai san ni ba.

Allah ya tsare muku garuruwanku, kada ya kai matanku wannan layin.

Wassalam,
'Yar'uwarku mai shiƙa, Lahodu.