Hayaniyar Hawa na Uku

Barreiro, watan Maris

Yaya Idalina,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da Amadeu da yara. Yaya ciwon bayan, yaya sanyin Luxembourg? Na zaɓi rubutu ne don duk wayar da muka yi da ɗaga murya take ƙarewa, ni kuma na gaji da jin kin kashe mini.

Maganar ɗauke Kaka Zulmira zuwa wurinki, amsata tana nan yadda take: a'a. Ita ma haka ta ce. A ɗakin nan ta haifi Mama, a nan ta raine mu. Kamfanin da ya sayi benen ya fitar da kowa da dabara, ita kaɗai tsohuwar yarjejeniyar hayarta ta gagare su. Yanzu mu ne za mu ƙarasa musu aikin?

Ba za ki gane gidan ba. Sun fasa bangon ɗakin tsohuwar maƙwabciyarmu Dona Celeste sun haɗa da na maƙwabta, sun yi ƙaton kicin da dogon teburi. Wai gidan zaman tare. Sabbin 'yan hayar masu aiki ta kwamfuta ne daga ko'ina, ofishinsu na wata ƙasa, su suna Lisbon, a unguwarmu ta Mouraria, suna shan ranarmu. Kowa kunne a toshe, yana yi wa allo murmushi. Dokarsu ta farko ita ce ba a ƙwanƙwasa wa kowa ƙofa, kada a katse masa taro. Ko gishiri kake nema, a zaurensu na waya za ka rubuta. Na karanta littattafan gwanjo da yawa a kan yadda unguwa ke mutuwa, babu wanda ya gaya mini cikin ladabi ake kashe ta.

Kaka dai ko a jikinta. Wanda ke ƙarƙashin ɗakinta wani dogon ɗan Holan ne, Joost, ta sa masa Falwaya. Tana aika masa miyar kabeji, tana cewa, "Yaron nan uwarsa ba ta da tukunya ne?" Ina ƙetare kogi a jirgin ruwa daga Barreiro in duba ta duk Laraba da Lahadi. Hakan ya isa.

Ki sumbaci yaran.

Ƙaninki,
Telmo


Lisbon, watan Mayu

Yaya Idalina,

Ina gaisuwa. Da fatan hankalinki ya ɗan kwanta tun wayar jiya. Likita ya ce ƙashin ƙugu ne ya tsage, zai haɗe, sai dai da jinkiri. Tana ci, har ta fara kushe girkin asibiti.

Ga abin da ban iya faɗa miki ta waya ba. Da safe ta zame a kicin, ni kuma sai da na tashi aiki da yamma na same ta kwance. Wayarta tana jikin bango, ba ta iya kaiwa. Sandarta kawai ta janyo. Kin san yadda gidan nan yake tun muna yara: ka ji ana buga ƙasa daga sama, ka ajiye abin da kake yi ka hau. Shi ta yi. Ta yi ta bugawa har hannunta ya mutu.

Kuma sun ji, Yaya. Joost da kansa ya nuna mini abin da ya rubuta a zaurensu: "Barkanmu da safiya. Ana ta bugu a hawa na uku, ga shi ina da taro. Ba ƙorafi nake yi ba, amma ko za a sa maganar cikin zaman Alhamis?" Sauran suka bi shi da alamar babban yatsa. Wata mai kirki ta kawo shawarar a haɗu a saya wa tsohuwar darduma kyauta, ta rage ƙara.

Na tare shi a matakala na ce, "Kai Falwaya, duk tsawon ƙafafun nan hawa ɗaya ya gagare su? Miyar ba ta gagare ka ba ai." Ya ce, "Na ɗauka gyara take yi. Ban so in kutsa mata ba." Sai ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka. Na zo da zagi cike da baki, na rasa inda zan sauke shi. Da mugu ne da na huta.

Na san abin da za ki ce. Ki bari ta warke tukuna.

Naki,
Telmo


Barreiro, watan Yuli

Yaya Idalina,

Bayan gaisuwa, ina fata zafin nan bai kai gare ku ba. A gaida Amadeu, a ce masa na gode da maganin shafawa.

Ba zan rage wa 'yan hayar nan haƙƙinsu ba. Tun da Kaka ta dawo gida Joost ya taka dokar gidan. Kullum da safe yana ƙwanƙwasa mata ƙofa da burodi a hannu, ita kuma tana sa shi feren dankali tana yi masa tsiya, wai hannunsa na danna maɓalli ne kawai. Na fara zaton na ci gardamar nan tamu.

Ƙarshen Yuni wa'adin ɗakinsa ya cika, ya tafi Thailand. Ya rungume ta, ya danƙa ta ga wata 'yar Kanada. Ita ma ta kula da ita sosai, har ranar da ta ɗaure jakarta ta bar wa wasu 'yan Poland amanar. Duk mutanen kirki ne, duk kuma da ranar tafiyarsu a aljihu. Kowane sabon zuwa sai Kaka ta sake nuna masa inda maganinta yake, ta sake ba shi labarin ƙugun daga farko.

Lahadin nan wani saurayi da ban taɓa gani ba ya tsayar da ni a ƙofar gidan da aka yanke mini cibi, cikin fara'a, yana tambayar wurin wa na zo. Ban ma zage shi ba. Ƙarfin babu.

Na hau na same ta a bakin taga. Ta ce, "Zauna, sarkin faɗa. Ka rubuta wa 'yar'uwarka ta zo." Na fara cewa zan nemi ɗaki kusa, zan canja aiki, zan riƙa kwana nan. Ta ce, "Rufe mini baki. Ba faɗuwa nake tsoro ba, ɗan nan. Na gaji da koyon sunaye."

To, ki zo a watan Agusta. Ki taho da babbar mota, don ta ce ba ta barin keken ɗinkinta. Ni zan kai wa kamfanin makulli da hannuna. Kada dai ki ce in yi musu ladabi.

Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙaninki,
Telmo