Jajayen Kwalabe na Bikin Ɗan Baffa

Zuwa ga Yayana Nura, a duk inda wannan ta riske ka.

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga wanta, ina tambayar lafiyarka da ta kunnen nan na hagu, da aiki, da zaman baƙunta. Inna tana nan da sauƙi, ƙafar ce dai ke matsa mata. Matarka Rabi da ɗanku Abba suna gidan iyayenta a Kademi, lafiya lau. Na rubuto maka a fili ne saboda saƙonnin da nake tura maka a waya ina ganin alamar ka buɗe, amsa ce kawai ba ka bayarwa. Mutanen garinmu da ke bin shafin nan don kallon atamfa da leshi, su ma yau sai su karanta.

Yaya, akwai katan ɗin jar giya a cikin kwandon sayayyata na intanet. Ban biya ba tukuna. Irin wadda ka sani ce, mai dogon wuya, mai hoton inabi kala-kala da suka ce an haɗa wuri ɗaya aka matse. Sun karya mata farashi zuwa rabi, rangwamen zai ƙare ranar Juma'a. Tun da na saka ta nake buɗe wayar ina kallonta, in rufe, in sake buɗewa, ɗinki ma ya gagare ni. Ka san ban taɓa sha ba, kuma ba zan sha ba har in koma ga Ubangijina. Don Baffa Sule na ajiye ta.

Bari in tuna maka, ko da yake na san ba ka manta ba, tunda kai ke ɗauke da tabon.

Ranar sunan Abba ne, ɗanka na fari, wanda ka mayar wa sunan mahaifinmu. Lokacin kana da rumfar gyaran waya a kasuwar Ajingi, kai ne ɗan gayun ƙauyenmu na bayan Gafasa, wanda ya iya sayen kaya a waya a aiko masa har tasha. Ka ga yadda ake zuba wa manyan baƙi lemon inabi a bukukuwan Kano, ka ce dattawan garinmu ma ba su fi ƙarfin a girmama su haka ba. Sai ga talla ta faɗo maka a waya, kwalabe masu kama da waɗancan, ga arha. Turancinka na gyaran waya ne, Yaya, ya tsaya a caji da batir. Ka danna ka biya kana murna.

Da katan ɗin ya iso, muka yi abin da ake yi wa kowane lemo a garinmu. Aka sayo ƙanƙara daga Gaya, aka zuba a babban bahon Inna, aka jera kwalaben a ciki tun da sassafe. Kafin a raɗa suna takardun jikinsu sun jiƙe sun saɓule, suna yawo a kan ruwa. Ni na tsame su da hannuna na watsa a murhu, don kada su ɓata wa baƙi gani.

Bakin kwalbar ma ya ƙi buɗuwa, wata toshiya ce aka cusa a ciki. Ka ɗauko sukudirebar aikinka ka tura ta ciki da ƙarfi, kana cewa kayan Turawa sai da dabara. Har yau in na tuna wannan sai dariya ta taso mini, in tuna abin da ya biyo baya.

Dattawa aka fara ba wa, kamar yadda aka saba. Ina leƙe ta ƙofar zaure. Liman ya kurɓa, fuskarsa ta yamutse, ya dube ka, uban ɗa, kana tsaye kana washe baki, sai ya ce madalla, ya shanye. Kara ya yi maka. Duk wanda ke kan tabarmar nan ya ji tsami da ɗaci, kowa ya ɗauka lemon birni ne haka yake, ko kuma ya ɗan lalace a hanya, ba wanda ya so ya kunyata ka a ranar farin cikinka. Baffa Sule kuwa, ƙanin mahaifinmu, aikawa ya yi cikin gida aka kawo masa sukari. Ya zuba, ya juya da yatsa, ya shanye, ya miƙo kofi aka ƙara masa.

Wani direban motar Kano da ya zo taya murna shi ya shinshina kofinsa ya ajiye. Ya taɓa ɗaukar irin kayan nan a birni. Da ya ja ka gefe ya faɗa maka a kunne, da yau kana rumfarka. A tsakiyar taro ya faɗa, da murya sama.

Baffa ne ya fara tashi. Ƙotar fartanya ce jingine a bangon zaure, da ita ya sauke maka a kafaɗa, na ji ƙarar daga inda nake. Kana cewa wallahi ban sani ba, wallahi Baffa ban sani ba, hannunka a sama. Samari suka rufe ka. Waɗanda ka yi wa cajin waya kyauta, waɗanda ka koya wa buɗe shafi, su ne suka tattake ka da takalman da suka sa don sunan ɗanka. Habu, ɗan Baffa, ya tsamo kwalba cikakkiya daga bahon ya fasa maka a gefen kai. Farar shaddarka ta rine, ba mai iya cewa ga jini ga abin kwalba. Ragon suna yana rataye an feɗe shi rabi, mahauci ya saki wuƙa ya gudu.

Inna ta fito ba mayafi, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo. Ta faɗa kanka ta rufe ka da jikinta, sandar da aka ɗaga maka ta sauka a ƙafarta. Wannan ƙafar ce nake ce maka tana matsa mata har yau.

A amalanke muka fitar da kai bakin titi, kanka a cinyata, jini yana fita ta kunnenka yana bin zanena. Kana asibiti a Gaya suka je kasuwar Ajingi suka cinna wa rumfarka wuta, har da wayoyin mutane a ciki. Iyayen Rabi suka zo suka tafi da ita da jaririn. Da aka sallame ka ba ka ko biyo ta gida ba.

Bayan ka bar gari Liman ya yi bayani a masallaci, ya ce wanda ya sha bisa rashin sani babu zunubi a kansa. Dattawa suka sauke ajiyar zuciya, kowa ya koma gonarsa. Wanda ya saya bisa rashin sani fa? Ba wanda ya tambaya. Ni na san abin da ya sa Baffa ya fi kowa duka, kuma shi ma ya sani. Kofi na biyu ne da sukarin nan. Kunyarsa ya dake a jikinka, ya kira ta kishin addini.

To, Yaya, Habu zai yi aure bayan sati mai zuwa, ’yar wani ɗan kasuwa a Gaya. Baffa da kansa ya shigo motar Ajingi ya zo har shagona a Kano. Ya zauna a kujerar kwastoma, ya sha ruwana, ya tambayi maigidana da yara. Sunanka bai fito daga bakinsa ba. Sai ya ce tunda ni ce ’yar birni, ni zan nemo abin sha na walima a waya, mai arha amma mai fita kunya, don surukan manyan mutane ne. Har da ƙara mini cewa in duba da kyau. Na ce to Baffa, na durƙusa na raka shi bakin titi.

A ranar na nemo tallar. Ban sha wahala ba, kamar jirana take yi.

Na tsara komai a raina. In kai katan ɗin da kaina, in sa a jiƙa shi a ƙanƙara yadda aka saba, takardu su saɓule. A fara ba wa dattawa da surukai daga Gaya. Su yi kara su shanye. Sannan in fito tsakiyar fili in faɗa da murya sama, yadda direban nan ya yi. Ina so in ga idon Baffa a lokacin. Ina so in ga Habu cikin babbar rigar angonci yana ɗaga hannu yana rantsuwa bai sani ba, in ga ko rantsuwa tana tare ƙota. Ba zan ɓoye maka ba, na yi ta kallon wannan a raina ina jin daɗi, har ƙarar kwalbar a kansa nake ji. Abin da za su yi mini ni kuwa bai dame ni ba ko kaɗan.

Na san haramun ne saye, haramun ne bayarwa. Na sani sarai, na yi alwala da wannan sanin, na yi sallah da shi, na sallame na sake buɗe wayar.

Shekaranjiya na je gida kai ankon biki. Na tarar da Inna a tsakar gida da hantsi tana ɓarar gyaɗar iri, ƙafar a miƙe. Ta tambaye ni me zan kawo na sha. Na ce irin na sunan Abba. Ba ta ɗago ba, hannunta bai daina ɓara ba. Ka san Inna, ba ta faɗa, ba ta wa'azi. Can ta nuna mini zaure da haɓa. Ta ce ita ta kankare ƙasar wurin da fartanya bayan an fita da kai, ta kwashe a kwarya ta binne a bayan gida, ta yi sabon daɓe ita kaɗai. Ta ce: “Binta, na kwashe jinin ɗa ɗaya daga zauren nan. Ba ni da ƙarfin kwashe na biyu, ko na ɗan wane ne.”

Na ce Habu ne fa, Inna, wanda ya fasa masa kwalba. Ta ce ta sani, ita ta yi masa wanka yana jariri shi ma, lokacin da uwarsa ke kwance. Ta ce in aka rufe shi da duka ita za ta sake faɗawa a kai, ɗaya ƙafar ta rage mata.

Ban taɓa sa Inna a cikin lissafina ba, Yaya. Na ga Baffa, na ga Habu, na ga kaina. Na manta cewa a bahonta za a jiƙa kwalaben, kuma ita ce za ta sake fitowa ba mayafi. Na zauna a gabanta na yi kukan da ban yi ba a kan amalanke, ita kuwa ta turo mini faifan gyaɗa ta ce in taya ta.

Yanzun nan, kafin in rubuta wannan layin, na cire katan ɗin daga kwandon. Raina bai so ba, kuma har yanzu bai huce ba. Shi ya sa na baza maganar a nan inda kowa zai gani. Daga yau babu wanda zai karɓi ko kofin shayi daga hannuna a garinmu bai shinshina ba, ko na canja ra'ayi hanyar ta toshe. Ruwan leda zan kai bikin, fari tas, wanda ake ganin cikinsa. In Baffa yana jin kunyar surukai, ya zuba sukari.

Ban yafe masa ba. Zan yafe ranar da ya tsaya a ƙofar masallacin da aka wanke masu sha, ya ce Nura bai sani ba. Na san akwai mai karanta masa wannan kafin la'asar.

Kai kuma, Yayana, saura kai. Ka tuna jar yakuwar da Inna ke shukawa a gefen gonar gero, wadda take yi mana zoɓo da ita da azumi, kai kana satar na cikin randa kana cewa ɗanɗanawa kake? Tun ranar sunan nan ba ta ƙara shuka ta ba, ba ta ƙara kai wani jan abu bakinta ba. Amma ta ajiye irin. Yana ƙulle a tsumma cikin tukunyar da ke ƙarƙashin gadonta, duk shekara sai ta fito da shi ta shanya ta mayar. Ta ce sai shekarar da za ka dawo.

Abba ya shiga makarantar allo, yana da goshinka da taurin kanka. In an tambaye shi ina babansa sai ya nuna wayar duk wanda ke kusa.

Da zan taho, hadari ya fara haɗowa ta gabas, mutane sun fara sharar gona. Inna ta rako ni har zaure tana jan ƙafa, ta tsaya a kan sabon daɓen nan, ta tambaye ni ko ta shuka bana. Amsar nan taka ce, ba tawa ba. Lambarta ba ta canja ba. In ka kira, ka sa wayar a kunnen dama, muryarta ta yi ƙasa sosai yanzu.

Allah Ya tsare mini kai a inda kake, Ya warkar da abin da likita bai gani ba. Allah Ya cire mini wutar nan daga ƙirji kafin ta ci wanda bai ji ba bai gani ba. Allah Ya ja kwanan Inna har ta sha zoɓo daga hannunka. Amin.

Ƙanwarka da ta riƙe kanka a amalanke,
Binta