Takardar Asalin Lailatu

Daga Honorabul Abduljalil Kailu, "Haifaffen Gari"
Majalisar Dokokin Jiha

Zuwa ga Yaya Tsahara, Roxy, Adjamé.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya ke da 'yarki Lailatu.

Zan iso Abidjan ranar Talata domin taron 'yan majalisu kan tsabtar muhalli a Treichville. Ina so ki tara mini 'yan garinmu in bayyana musu manufofina huɗu: sauƙin farashin abinci, hana leda, tsaron hanyoyi, da kare haƙƙin kowane ɗan jiha. A samu lasifika mai kyau. Kuma don Allah, a gaban jama'a kada ki kira ni Auta.

Ƙaninki,
Hon. Abduljalil

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai godiyar Allah. A takarda nake ba ka amsa, don saƙon murya kullum cewa kake bai buɗe ba.

Lasifika akwai ta Labaran mai tallan maganin basir, ya ce zai ara. Zancen leda kuwa, rabin mutanen da zan tara maka ita suke sayarwa, saboda haka in ka zo kanta ka tsaya kusa da ƙofa.

Ni ta huɗun nan ce ta dame ni. Bara Lailatu ta je gida neman takardar asali, wadda ba ta samun gurbin karatun likita sai da ita. Ubanta marigayi ɗan unguwarmu ne, ka sani. Ma'aikacin ya tambaye ta sunan mai unguwa, ta ce, "Pardon?" Nan take ya rufe fayil, ya ce 'yar Faransa ce, ta koma inda aka haife ta. Sau biyu na gaya maka. Yarinya tana nan tana taya ni jiran shago, shekara na wucewa.

Allah ya kawo ka lafiya.
Yayarka, Tsahara

*

Treichville, Alhamis

Yaya,

Salamu alaikum. Na rubuto ne don na ji labarin jiya ya fara yawo a Roxy ba yadda ya faru ba.

Na farko, ba gudu na yi daga taron ba. Da na ambaci leda na ga zaman ya ɗauki zafi, sai na taƙaita.

Na biyu, ba ɓata na yi ba. Na shiga gbaka ne da gangan, in ga yadda talaka ke tafiya, don bas ɗin haya ita ce madubin gari. Yaron motar ya yi ta ihun sunayen wurare, na yi ta gyaɗa kai. A Indénié jami'ai suka tsayar da mu, kowa ya fito da katinsa. Fasfona yana otal. Na ce ni Honorabul ne, da Hausa da Turanci. Jami'in ya nuna mini benci. Na ƙara ɗaga murya, ya ƙara nuna bencin.

Awa uku na zauna, har wata mai ayaba ta ce mini "yako", wai sannu kenan. Na san ni wane ne, amma ba bakin faɗa, ba takardar nunawa. Daga ƙarshe na kira Lailatu a waya, sai ga ta. Ban san me ta faɗa musu ba, na dai ga sun fashe da dariya, har babbansu ya sara mini. Da na tambaye ta, cewa ta yi, "Tonton, kar ka damu, ça va aller." Ki tambayar mini ita.

Game da takardarta, ina tausaya mata. Amma wanda aka haifa a waje, al'amarinsa sai an kafa kwamiti.

Ƙaninki,
Abduljalil

*

Auta,

Sannu da benci. Na tambaye ta. Ce musu ta yi kawunta ne daga ƙauye, yau ya fara ganin kwalta. Da ta ce ɗan majalisa ne, da ba su yarda ba.

To, tunda kwamiti za ka kafa, ga shaida ta farko. Daga otal ɗinka ka miƙe ta bayan kasuwa, ka tambayi gidan Iya Hajara unguwarzoma. Akwai bishiyar mangwaro a tsakar gida. A gindinta aka binne cibiyarka. Ranar da aka haife ka ni na riƙe fitilar ɗaki, da tsakar rana ma, don ɗakin ba taga. Lokacin Baba yana dako a tashar jiragen ruwa. Kana da shekara uku ya kai ka gida wurin Gwaggo, ba Hausar kirki a bakinka, Julanci kake yi, yaren kasuwar nan. Taka takardar ba wanda ya yi maka tambaya, don mai unguwa abokin Baba ne.

Duk lokacin da na ga fastarka da "Haifaffen Gari" sai in ce gaskiya ne, garin ne kawai ba a faɗa ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma ba zan gaya ba. Ba tsoratar da kai nake ba. So nake ka je ka gani.

Ka tafi wa Iya da goro. Ba ta ji sosai, ka ɗaga murya, ka iya ai.

Yayarka, Tsahara

*

Yaya,

Salamu alaikum. Na iso gida lafiya. Kafin in taso na je. Iya Hajara ta kama kunnena ta ce har yanzu na hagun ya fi girma.

Ban kafa kwamiti ba. Na gabatar da ƙudurin doka kan 'ya'yan jiha da aka haifa a waje. Wani ya miƙe ya tambaya ko na san mutum ɗaya da abin ya shafa. Na ce ga shi a tsaye. Zaure ya kwashe da dariya, sannan ƙudurin ya wuce karatu na farko.

Takardar Lailatu ni na bi layi na karɓo, tana hannun direban motar Asabar. Ki ce ta shirya kayanta.

An sauke fastocin. Yanzu duk majalisa "Musye" suke kirana, wai Malam da Faransanci, har Kakakin. Ki gaishe da mutanen Roxy, har masu leda.

Ƙaninki,
Abduljalil